Hanyar Bayan Katangar Kawu

A Agege aka haife ni, a wani gida mai ɗakuna a jere suna kallon juna, kusa da layin dogo. Fataucin goro ne ya kawo kakana garin, bai kuma koma ba. Mu da muka tashi a nan, Hausa muke yi a cikin gida, da mun fita ƙofa kuma sai Yarbanci, wani lokaci ma a haɗa su a magana ɗaya ba a lura ba. Ban taɓa zaton zan bar unguwar ba. Amma yara suka girma, ɗaki ya yi mana kaɗan, sai maigidana ya sami ɗan fili can gaba da Iyana Ipaja, inda gari yake ƙarewa gonakin rogo su fara. Muka gina abin da ya samu, muka tare.

Ba mu kaɗai muka yi haka ba. Mutanen Agege da yawa sun riga mu zuwa, akwai kuma masu lambu daga Arewa da ke noman alayyafo da lalo da latas a fadamar da ke ƙasanmu. Sabuwar unguwa kawai muke ce wa wurin. Abin da ba mu da shi kuwa shi ne kusan komai. Makaranta da ƙaramin asibiti da kasuwa duk suna wani tsohon ƙauyen Yarbawa ne a ƙetaren rafi. Daga bayan gidana ina hango rufin makarantar, amma kafin ka isa can sai ka fita babban titi, ka yi doguwar tafiya a gefensa, ka haye gada, sannan ka shiga ƙauyen.

Titin nan ba a yi shi don mai tafiya a ƙasa ba. Siriri ne, ba shi da gefe, ruwa ya zaizaye bakinsa. Manyan tifofi masu ɗebo yashi ne ke binsa tun safe har yamma, ga motocin haya da ake ce wa danfo, ga baburan haya da ake ce wa okada. Idan tifa biyu suka haɗu, mai tafiya a ƙasa sai dai ya faɗa ciyawa. A nan 'ya'yanmu suke bi zuwa makaranta, a nan mata masu ciki suke bi zuwa awo, a nan masu lambu suke tuƙa kekunansu da kwanduna biyu cike da ganye. Ni ina da ɗan shagon atamfa a kasuwar ƙauyen, don haka kullum ina kan titin. Na saba da shi yadda mutum yake sabawa da ciwon da ya daɗe a jikinsa.

Akwai wani dattijo mai lambu, mutumin ƙasar Katsina, da kowa ke ce wa Baba. Shi yake kawo mini alayyafo, kuma bai taɓa wuce ni a titi bai sauko daga keke ya gaishe ni ba. Wata safiya da damina, tifa ta matse shi a daidai gangaren gada. Bai mutu ba, amma ƙafarsa ta karye wuri biyu. Na iso wurin bayan an ɗauke shi. Na tarar da keken a kwata, tayar gaba ta lanƙwashe, ganye ya watse a kan kwalta motoci suna bi ta kai. Yaran makaranta suna tsaye a ciyawa sun ƙi gaba sun ƙi baya. Biyu daga cikinsu nawa ne.

Da na je duba shi a ƙaramin asibitin ne na fara magana da ma'aikaciyar jinyar wurin, wadda muke ce wa Sista. Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, gajeruwa mai saurin tafiya, Hausarta irin ta can. Ta ja ni gefe a baranda.

"Hajiya, wannan ba shi ne na farko ba. Ni nake wanke raunukan da titin nan yake yi. Na gaji."

"To, Sista, ya za mu yi? Titin gwamnati ne."

"Ban ce a taɓa titi ba. Tsofaffin garin nan sun ce da akwai hanyar ƙafa ta cikin gonaki, ta bi ta rafi ta ɓulle wajenku. Me ya hana a buɗe ta? Ni Yarbancina na saye da sayarwa ne. Ke kuwa an ce mini kamar a bakinki aka yi shi. Ki raka ni wurin Baale."

Baale shi ne mai garin ƙauyen. Muka je da yamma, muka durƙusa muka gaishe shi, na yi masa bayani. Ya daɗe yana kallona, ya tambaye ni 'yar gidan wa ce a Agege. Da na faɗa masa, ya ce mahaifinsa ya sayar wa Hausawan Agege goro shekara da shekaru, kuma ta wannan hanyar ake ɗaukar goron a ka. Ya ce shi ba shi da ja, amma filayen da hanyar ta ratsa an sayar da yawancinsu, sai mun bi masu su ɗaya bayan ɗaya. Washegari ya haɗa mu da wasu tsofaffin mata biyu su nuna mana inda ta bi.

Muka shiga gonakin rogo, su a gaba mu a baya. Hanyar ba ta ɓace gaba ɗaya ba, akwai wuraren da ƙasa ta lotsa saboda sawun mutanen da suka wuce tun kafin a haife ni. Akwai inuwa, ba ƙarar mota, har kukan tsuntsu nake ji. Muka haye rafin ta kan wani icce da ya faɗi, muka hau tudu, na fara hango rufin gidajen unguwarmu. Sai muka ci karo da katanga. Doguwa ce, ta bulo, an jera fasassun kwalabe a samanta, ta tare hanyar daga wannan gefe zuwa wancan. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce wani Alhaji ne daga Agege ya saya ya kewaye, babu komai a ciki sai ciyawa.

Na san katangar. Ta Kawu ce, yayan mahaifiyata. Shi ne ma ya fara gaya wa maigidana cewa ana sayar da fili a yankin.

Muka bar maganar katanga tukuna, muka bi sauran masu filayen. Wannan ya ɗauke mu watanni. Ni da Sista muka zama kamar masu tallan abin da ba a gani. Ta yi magana a cocinsu, maigidana ya yi a masallaci bayan sallar Juma'a, na bi matan kasuwa rumfa rumfa. Wani mai fili yana Ikorodu, sai da muka yi yini guda a danfo kafin mu same shi, ya saurare mu a tsaye ya ce mu yi abin da muke so, ba zai gina ba sai ya yi ritaya. Wata mata ta ƙi, daga baya ta yarda da ta ji cewa jikarta na cikin yaran da ke bin titin. Mun je ƙaramar hukuma har ma'aikatan suka gane mu. Ba su kore mu ba, sun ce idan masu filaye duka suka amince za su taimaka da abin da za a haye rafi, amma ba za su rushe ginin kowa ba. Ko ta ina muka biyo, sai maganar ta dawo kan katangar Kawu.

Na shirya na tafi Agege ni kaɗai. Kawu yakan ce mini uwata, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma bai taɓa hana ni abu ba. Na same shi a kan tabarma a ƙofar ɗakin da yake haya, yana sauraron rediyo. Muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo mini kunu. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya rage muryar rediyon.

"Uwata, kin tuna gidanmu na bakin layin dogo?"

"Na tuna, Kawu. A nan aka haife ni."

"Yanzu ina yake?"

Lokacin da aka faɗaɗa layin, gidan yana cikin waɗanda aka rushe. A gabansa aka yi, yana tsaye da buta a hannu.

"Hanya ce ta cinye shi," in ji shi. "Su ma da suka zo cewa suka yi don amfanin jama'a ne, kuma ban ce ƙarya suke yi ba. Amma ni na kwana a masallaci da tsufana. Wannan filin shi ne abin da ya rage da zan bar wa 'ya'yana. Yau ki ce hanyar ƙafa, gobe okada ta shiga, jibi mota, sai a zo a ce a faɗaɗa. Na taɓa gani, ba labari aka ba ni ba."

"Kawu, yara ne suke bin titin nan. Har da nawa."

"Allah ya tsare su. Amma katangata ba za ta motsa ba."

Na dawo a danfo ina kallon taga, raina a jagule. Abin da ya fi damuna shi ne ban ga inda ya yi kuskure ba. Na tafi da shirin yin gardama da mai rowa, sai na tarar da tsoho mai tsoro, kuma tsoron nasa yana da dalili. Da na gaya wa Sista, ta ce mu tara mutane mu je ƙofarsa gaba ɗaya. Na ce a'a, ba zan kai taro ƙofar kawuna ba. Ranar ce kaɗai muka rabu ba daɗi. Ta ce mini dangantaka ba ta ɗora ƙashin da ya karye, na ce mata ita ba a gabanta aka rushe gidan ba. Mun yi kusan mako ba mu nemi juna ba, sai ga ta a shagona wai ta zo duba atamfa, ba ta sayi komai ba, muka ci gaba daga inda muka tsaya.

Aka share ɓangaren hanyar da ke hannunmu, daga ƙauye zuwa rafi, daga rafi zuwa katanga. Mutane suka fara bi su tsaya a jikin bulo, su ratsa ta cikin gonar wani su fita, mai gonar yana faɗa. Haka muka zauna har rani ya wuce.

Da babbar 'yata ta haihu, aka yi suna a gidana, Kawu ya ce zai zo. Danfo ya sauke shi a ƙauyen, na je tarbarsa. Kawu ba ya hawa okada, ya ce shi ba zai mutu a bayan yaro ba. Na nemi mota ban samu ba, sai ya ce mu taka, ai ƙafa ce ta kawo kakanninmu Legas. Ban shirya wannan ba, kuma da na sami mota da na sa shi a ciki. Muka fita titi, shi da babbar riga da sanda, ni a bayansa.

Lokacin tashin makaranta ne. Yara suna tafe a layi a bakin kwalta, manya sun sa ƙanana a ɓangaren ciyawa. Ba wanda ya koya musu haka, su suka koya wa kansu. Duk sanda tifa ta taho sai layin ya tsaya cak, kowa ya juya baya ya rufe fuska, ta wuce, su ci gaba. Kawu ma ya shiga yin yadda suke yi. A gangaren gada tifa biyu suka haɗu, iskar ɗaya ta ɗaga masa riga, wata yarinya da ba ta san shi ba ta kama hannunsa ta ja shi cikin ciyawa, ta ce masa da Yarbanci, Baba a nan ake tsayawa. Ya tsaya inda ta nuna masa. Muka ci gaba da tafiya har gida.

A wurin suna ya ga Baba mai lambu, wanda ya fara fita da sanduna biyu. Suka zauna a tabarma ɗaya suka daɗe suna hira. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga Baba yana nuna faɗin wani abu da hannuwansa. Da yamma maƙwabcinmu ya mai da Kawu Agege a motarsa.

Bayan 'yan makonni sai ga shi da magini, ba tare da ya aiko ba. Ya sa aka kira ni, aka kira Baale da Sista, ya kuma ce a zo da keken lambu da kwandunansa biyu a ɗaure. Aka kawo. Ya sa aka tura keken a jikin katangar ta gefen gabas, ya ƙara taki ɗaya don mai wucewa, ya ja layi a ƙasa da sandarsa.

"Abin da keken nan ya ci, shi na bayar," in ji shi. "Ba na sayarwa, ba na kuma ƙarawa. Amma ku ji sharaɗina a gaban mai gari. Ƙafa da keke kawai. Ranar da na ji inji ya bi ta nan, zan mai da bulona inda yake. Uwata, ke zan tambaya."

Na fassara wa Baale. Ya ce ya ji, ya kuma shaida. Sista ta durƙusa ta yi wa Kawu godiya, ya ce ta tashi, ba don ita ya yi ba. Magini ya fara sauke bulo, Kawu ya juya baya yana kallon gonaki har aka gama.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe saura. Ƙaramar hukuma ta cika alkawari ta kawo manyan bututun siminti aka sa a rafi, masu lambu da matasan ƙauye suka zuba jar ƙasa a kai. Ba a yi mako biyu ba okada suka gano hanyar. Kuma masu okadan nan yaranmu ne, 'yan Arewa, da yawansu an hana su aiki a cikin gari shi ya sa suka dawo gefen nan. Na je rumfarsu na sami shugabansu, wani mai ƙasumba da ke ce mini Mama.

"Mama, kun buɗe hanya kun rage mana fasinja, yanzu kuma ku ce kada mu bi? Mu ma iyali gare mu."

"Na sani. Amma in kuka bi, mai katanga zai rufe, kowa ya koma titi. Kuma ko bai rufe ba, in okada tana gudu a nan, me muka yi ke nan? Mun dawo da titin cikin gona."

"To, in mace tana naƙuda a unguwarku fa? Ta taka?"

Na tafi da tambayar nan. Na kai wa Sista, ta ce yana da gaskiya, ita ma abin yana ranta. Muka koma wurin Kawu tare, karo na farko da ta shiga ɗakinsa. Ya saurare ta, ya ce mara lafiya daban ne, shi bai hana a ceci rai ba, amma a tura a hankali, kada a mai da shi dalili. Aka kafa turakun ƙarfe a bakin hanyar ta kowane gefe, tsakaninsu daidai wucewar keke mai kwando, aka bar guda ɗaya da ake iya zarewa don mara lafiya. Masu okada da kansu suka karɓi kula da shi, suka kuma mai da bakin hanyar tasharsu, tunda duk wanda ya fito daga nan mai nisan tafiya su zai nema. Ba zan ce ba a taɓa karya dokar ba. Ana karyawa, mu je mu yi magana, a daina, a kuma sake. Na gane cewa irin wannan hanya ba a gama ta, kullum sai da mai tsaya mata.

Baba bai sake hawa keke ba, ƙafar ba ta koma daidai ba. Ya bi hanyar da sandunansa sau da yawa, yana tsayawa a rafi ya huta, daga baya 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi gida. An yi wa Sista canjin wurin aiki, muna waya. Kawu yana nan, ya tsufa sosai, duk sanda na je gaishe shi sai ya tambaye ni ko inji ya bi, in gaya masa gaskiya. Gonakin rogon suna ta raguwa, gidaje suna tasowa a gefe da gefe, kuma kowane sabon mai gini sai mun je mun yi masa bayani tun kafin ya haƙa tushe. Wasu suna ji da wuri, wasu sai an kai ga Baale. Ina tunanin wata rana duk wurin zai zama gari, hanyar ta zama lungu a tsakanin katangu. Ko a hakan ma ina so ta kasance tana nan.

Bara 'yan matan unguwarmu suka fara zuwa makaranta a keke, abin da ban taɓa gani ba a tasowata. A Agege ba mu da inda za mu koya, daga ƙofar gida sai titi. Wata Asabar da safe ƙaramar 'yata ta matsa mini sai na gwada nata. Na ɗaure zane da kyau, na hau, tana riƙe da sirdi tana gudu a bayana. Na yi 'yar tafiya kaɗan ina jin iska a fuskata, sai na waiga na ga ashe ta saki, nan take na karkace na faɗa cikin kunyar rogo. Wasu mata masu zuwa kasuwa suka sauke kayansu suka ɗaga ni, suna kakkaɓe mini jiki suna yi mini sannu da Yarbanci, suna ƙoƙarin ɓoye dariya. Ban ji ciwo ba. Na mai da wa yarinyar kekenta, na ce ta wuce gaba, na bi matan nan a ƙasa muna hira har kasuwa.